Ba Sai Ka Yi Tsalle Ba: Magana Kan Ƙarfafa Jiki a Hankali

A kusan kowane gida akwai shawarar da ake ba mutumin da gwiwa ta fara damunsa, kuma da zuciya ɗaya ake ba shi ita. Ana ce masa, "Baba, ka zauna ka huta. Ka yi naka, sauran na yara ne." A shimfiɗa masa tabarma a inuwa, a kai masa fura har inda yake, a hana shi ɗaukar ko da buta. Tsohuwa ma haka, surukai su karɓe mata taɓarya da guga. Ladabi ne, ban musa ba. Amma ina so ka san abin da zaman nan yake yi wa jiki, domin a asibiti ake ganin ƙarshensa. Mutumin da bara yake zuwa kasuwa da ƙafarsa, bana sai an kama shi kafin ya tashi daga tsuguno a salga.

Tsoka ba ta ajiyuwa kamar hatsi a rumbu. In ba a sa ta aiki ba, jiki yana rage ta, don ciyar da ita yana da tsada a wurinsa. Tun daga wajen shekara 30 take fara raguwa kaɗan-kaɗan, bayan shekara 60 raguwar ta ƙara sauri. Kwanciya kuwa ta fi kome cinye ta. A wani gwaji da aka yi a Amurka, wanda aka buga sakamakonsa a shekarar 2007, an sa dattawa masu ƙoshin lafiya, ƴan wajen shekara 67, su kwanta a gado kwana 10. Da suka tashi, an iske, a matsakaici, tsokar ƙafafunsu ta ragu da kusan kilo guda. Kwana 10 kaɗai, kuma suna cin abinci. To yaya wanda ya yi wata 6 a kan tabarma?

Ra'ayina shi ne, yawancin masu ciwon gwiwa da ciwon baya na yau da kullum, da masu ciwon sukari, da masu hawan jini da magani ya daidaita, da dattawanmu maza da mata, suna bukatar aikin da zai gajiyar da tsokarsu sosai, sau 2 ko 3 a mako. Sai dai aikin ya zama wanda ba ya dukan gaɓoɓi. Ba gudu, ba tsalle, ba fizga.

Daga ina wannan salo ya fito

A manyan biranen Turai da Amurka akwai ɗakunan motsa jiki inda mutane suke biyan kuɗi su shiga aji. Malami yana tsaye yana ba da umarni, kowa yana kan wata na'ura mai kama da siririn gado. Shimfiɗar gadon tana zamewa gaba da baya, an ɗaure ta da wayoyin ƙarfe masu miƙewa su koma, irin na gadon ƙarfe. Mutum yana turawa ko yana ja a hankali, har ƙafafunsa su kama rawa, gumi ya jiƙa masa riga, alhali ko sau ɗaya bai daka tsalle ba. Ajin yakan ɗauki minti 40 zuwa 50.

Tushen abin yana wurin wani Bajamushe, Joseph Pilates, wanda aka haifa a 1883. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, Ingila ta tsare shi a sansani tare da sauran Jamusawa, a can ya riƙa koya wa abokan tsarewarsa motsa jiki. Daga baya ya koma birnin New York ya buɗe wurin koyarwa, ya rasu a 1967. Shekaru bayan haka wani Bafaranshe mazaunin Los Angeles, Sebastien Lagree, ya ƙera babbar na'ura mai suna Megaformer, ya ƙara wa aikin tsanani.

Ban ba ka wannan labari don ka nemi na'urar ba. Tana da tsada ƙwarai, kuma ba ka bukatarta. Tsokarka ba ta san ko na'ura mai tsada ce ta gajiyar da ita ko bidon ruwa ba. Abin ɗauka daga wurinsu shi ne hikimar: a yi motsi a hankali, a ci gaba har tsoka ta gaji da gaske, a bar gaɓa cikin salama, kuma a yi shi cikin taro a ranar da aka tsayar. Wannan na ƙarshe, ni a ganina, shi ne abin da mutanen can suke biya wa kuɗi ko da ba su sani ba. Zan komo kansa.

"Ai mu manoma ne"

Na san abin da za ka ce. Waɗannan mutanen ofis ne, sun wuni a kan kujera, dole su sayi gumi da kuɗi. Mu kuwa gumi kyauta muke yi.

Akwai gaskiya a ciki. Saurayin da ke noma da damina, ya shiga lambun albasa da rani yana jan ruwa, ba shi nake yi wa magana ba. Matar da ke daka safe da yamma, ta ɗauko bido mai lita 25 daga rijiya, kilo 25 ke nan a kanta, ba ta rasa aikin ƙarfi ba. Ita hutu da abinci take bukata.

Amma duba garinku da kyau. Damina wata 3 ce ko 4. Wanda ba shi da lambu, bai tafi cin rani ba, me jikinsa yake yi sauran watannin? Tela, mai tebur, direba, ɗan kabu-kabu, malamin makaranta, duk a zaune suke neman abincinsu. Inji ya karɓi niƙa, babur ya karɓi tafiyar ƙafa. Matar da ba ta fita, in akwai yaran da ke yi mata daka da ɗebo ruwa, tana iya wuni ba ta yi taku ɗari biyu ba. A cikin irin waɗannan ne ciwon sukari da hawan jini suke ƙaruwa, cututtukan da a da ake cewa na masu kuɗin birni ne.

Shi kansa aikin gona yana da gurbi. Motsi iri ɗaya ne ake maimaitawa, yawanci a duƙe, sa'o'i da yawa. Yana ƙarfafa wasu wurare ya bar wasu, kuma idan ciwo ya zo, mutum ba ya iya rage shi. Ko dai ya yi duka, ko ya bari duka. Aikin da nake magana a kai kuwa ana auna shi. Yau kaɗan, mako mai zuwa a ƙara.

Gwiwa ba taya ba ce

Abin da ya fi tsoratar da mai ciwon gwiwa shi ne kada ya ƙarasa cinye ta. Yana ganin gwiwa kamar tayar keke ce, iya tafiya iya zaizayewa. Ba haka take ba. Guringuntsin da ke shimfiɗe a kan ƙasusuwan gaɓa ba shi da hanyoyin jini. Daga ruwan gaɓa yake samun abincinsa, kuma motsi ne yake matse shi ya sake shi kamar soso, ruwan ya shiga ya fita. Gaɓar da aka daina motsawa tana sandarewa.

Sa'an nan tsokar gaban cinya ita ce mai gadin gwiwa. In tana da ƙarfi, ita take riƙe nauyinka lokacin da kake zama ko kake sauka daga tudu. In ta yi laushi, sai ka riƙa faɗawa a kan gaɓar. Shi ya sa ƙarfafa cinya yana cikin abubuwan farko da likitoci suke ba mai irin wannan ciwo, wanda mutane suke kira sanyi. Bai mai da guringuntsi sabo ba, kada wani ya yi maka wannan alkawari. Amma yana rage ciwo, yana sa ka iya tashi da kanka. In kana da ƙiba, ka ƙara da wannan: kowane kilo guda da ka rage yana sauke wa gwiwa wajen kilo 4 a kowane taku.

In kana ganin ka tsufa da yawa, ji wannan. A shekarar 1990, likita Maria Fiatarone da abokan aikinta sun buga sakamakon wani aiki da suka yi a gidan kula da tsofaffi a birnin Boston. Sun ɗauki mutum 10 masu shekara 86 zuwa 96, suka sa su ɗaga nauyi da ƙafa suna zaune, sau 3 a mako, har mako 8. Mutum 9 suka kai ƙarshe, kuma ƙarfin cinyarsu ya kusa ninkawa uku. Biyu daga cikinsu sun ajiye sandar dogarawa. Ba ƙaramin nauyi aka ba su don lallashi ba, nauyi ne da yake gajiyar da su. Wannan shi ne wurin da mu muke kuskure da dattawanmu, muna tausaya musu har mu hana su abin da zai tsai da su.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2020, ta ce kowane baligi ya yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako, bayan tafiya da sauran motsi. Masu shekara 65 zuwa sama kuma su haɗa da koyon tsayuwa daram, kwana 3 ko fiye, don rage faɗuwa. Karayar kwatangwalo a wurin tsoho ba ƙaramin abu ba ne, da yawa ba su ƙara tashi.

Kai mai ciwon sukari, tsoka ce take shanye mafi yawan sukarin da ya shiga jini bayan ka ci abinci, kuma tsokar da ta yi aiki ta fi shanyewa. Hawan jini ma yana sauka kaɗan. Na ce kaɗan. Motsa jiki ba ya maye gurbin ƙwayoyinka, kada ka daina shan su don ka fara jin ƙarfi.

Kafin ka fara

Akwai waɗanda sai sun ga likita tukuna. In kana jin ciwon ƙirji ko haki da ƙaramin aiki, ko ƙafafunka suna kumbura, ko ba ka iya kwanciya rigingine saboda numfashi. In jininka ya kai 180 a kan 110, sai an sauke shi. In kana da ƙaba, ko amosanin jini, ko an yi maka aiki kwanan nan. Ke ma mai ciki, da wadda aka yi wa aiki wajen haihuwa, da wadda mahaifa ta sauko mata, ki tambayi ungozoma ko likita irin motsin da ya dace da ke. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye yana amfana ƙwarai, amma ma'aikacin sashen motsa jiki, wanda ake ce wa kine, shi zai nuna masa yadda zai soma.

Ciwo iri biyu kuma ba na motsa jiki ba ne sam. Gaɓar da ta kumbura, ta yi zafi, ga zazzaɓi, a kawo ta asibiti a ranar. Ciwon baya da ya zo da rama, da zufar dare, ko ƙashin baya ya fara yin ƙusumbi, yana iya zama tarin fuka ne ya kama ƙashi. Wannan magani yake so na watanni.

In ba ka cikin waɗannan, fara da auna kanka. Samu benci ko kujera mai ƙwari, ka jingina ta da bango. Zauna, ka rungume hannu a ƙirji. Wani ya riƙe salula ya ƙidaya daƙiƙa 30, kai kuwa ka tashi tsaye ka zauna iya yadda za ka iya. A rubuta adadin. In ba ka iya tashi ko sau ɗaya ba sai da dafa hannu, a rubuta haka, ba abin kunya ba ne.

Wannan tashi da zama shi ne uwar aikin, in ma shi kaɗai za ka iya, ya isa a fara. Sai dai wajen yinsa ba sauri ake so ba. Ka ƙidaya ɗaya zuwa huɗu kana sauka, ka taɓa bencin ba tare da ka saki jikinka ba, ka ƙidaya huɗu kana tashi. Saukar ta fi muhimmanci, kuma ita ce mutane suke ha'inta, su faɗa daɓas. Yi sau 8 zuwa 12. Ma'aunin shi ne biyun ƙarshe su yi maka wuya, amma ka iya yin su daidai. In ka yi 12 kana hira, aikin ya yi maka sauƙi: ka nemi mazauni mafi gajarta, kamar turmin da aka kife, ko ka rungume bido da ruwa lita 3. Lita guda kilo guda ce, don haka bido ma'auni ne mai kyau, kana ƙara ruwa kana sanin abin da ka ƙara. In kuwa 5 ma sun gagara, ɗora matashi a kan bencin don ya ƙara tsawo, ka dafa da hannu ɗaya.

Don hannu da ƙirji, tsaya taku ɗaya daga bango, ka dafa shi da tafuka biyu, ka kai ƙirjinka kusa da shi a hankali, ka tura kanka baya. Don baya, ɗaura robar cikin tayar babur a jikin itace daidai ƙirjinka, ka ja ta zuwa haƙarƙari, ka sake ta a hankali. Duba robar kullum kada ta tsinke ta same ka a ido. Don ƙugu da ɗuwawu, kwanta rigingine a tabarma, ka lanƙwasa gwiwoyi, ka ɗaga ƙugu sama, ka riƙe kaɗan, ka sauke. A ƙarshe dafa bango ka yi ɗage a kan yatsun ƙafa sau 10, sa'an nan ka gwada tsayuwa da ƙafa ɗaya. Zagaye ɗaya ya isa a makonni biyu na farko. Daga nan ka yi biyu. Duka bai wuce minti 20 zuwa 25 ba. Ka bar kwana guda tsakani, domin a ranar hutun ne tsoka take ginuwa.

Abu ɗaya zan matsa maka a kai: kada ka riƙe numfashi kana yunƙuri. Yana harba jini sama nan take, yana kuma tura ƙaba. Dabarar mai sauƙi ce, ka riƙa ƙidaya da baki a fili. Mai magana ba ya riƙe numfashi.

Wane ciwo ne na alheri

Washegari, ko bayan kwana 2, cinyoyinka za su yi tsami, irin na makon farko na noma. Wannan ba lahani ba ne, yana wucewa cikin kwana 3 ko 4, kuma yana raguwa in jiki ya saba. A nan ne mutane da yawa suke barin abin, su ce ya tayar musu da sanyi. Bai tayar ba. Ita gwiwar ma tana iya ɗan ƙara ciwo lokacin aikin. In ciwon mai jurewa ne, kuma kafin gobe war haka ta koma yadda take, ci gaba. In ta kwana ta wuni tana ciwo, ko ta kumbura, ka yi yawa, sai ka rage zurfin sauka ko yawan maimaitawa. Ciwo mai suka kamar wuƙa, jiri, ciwon ƙirji, duhun ido, waɗannan ka tsaya nan take.

Akwai haɗari guda da ba ya faruwa da yawa, amma yana kashe ƙoda. Wanda bai saba ba, ya tsananta wa kansa a rana guda, musamman cikin zafi ba tare da ruwa ba, tsokarsa tana iya farfashewa ta zuba cikin jini. Alamarsa ciwo mai tsanani da kumburin tsoka, da fitsari mai duhu kamar shayi mai kauri. A can ƙasashen ma ana kwantar da sababbin ɗalibai a asibiti saboda wannan. In ka ga haka kada ka jira gari ya waye. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, ka yi aikinka da sassafe a inuwa, ka sha ruwa kafin da bayan. In kana azumi, bari sai ka sha ruwa ka ɗan ci abinci. Mai yin allurar insulin ko shan ƙwayar da ke sauke sukari, kada ya yi da yunwa, ya ajiye dabino ko sukari kusa, kuma ya duba tafin ƙafarsa bayan ya gama.

Tsoka kuma da abinci ake gina ta. Ba sai nama kullum ba: wake, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, awara, nono, ƙwai, fara, busasshen kifi, duk suna yi. In lokacin ƙarancin abinci ne, rumbu ya yi ƙasa kuma kana noma, ajiye wannan sai kaka. Ba a sa jikin da yake jin yunwa ƙarin aiki.

Maganar taro

Abin da zai hana ka ba gwiwa ba ce, kunya ce. Dattijo mai jikoki yana tashi yana zama a kan benci ba dalili, yara suna leƙe ta katanga, wani ya ce ko Malam ya fara taɓuwa. Mutum ɗaya ba ya jure wannan fiye da mako. Amma in mutum 6 ne suke yi tare, ba wanda zai yi dariya, sai ma a zo tambaya ko akwai sauran wuri. Kuma ran da ka ji ƙyuya, akwai mai aiko yaro ya kira ka.

Ba ku rasa wurin taro ba. Masu ciwon sukari da hawan jini suna haɗuwa ranar karɓar magani. Zumuntar mata tana da ranarta a majami'a, kuma bencina suna nan. Dattawan da ke zama a ƙofar masallaci bayan sallar asuba sun riga sun taru, a lokacin da gari yake da sanyi. Mata su yi nasu a cikin gida, a tsakar gidan wadda take da fili. Ku zaɓi mutum ɗaya mai kula, a turo shi asibiti a nuna masa motsin da idonsa, domin takarda ba ta iya gyara wa mutum tsayuwa. Aikinsa ya ƙidaya, ya lura da mai riƙe numfashi, ya kuma hana gasa. Maza musamman, da zarar an ce wane ya yi 20, sai kowa ya so 25, kuma ta nan ake jin ciwo.

In kuwa kana da ɗa ko ƴa a Yamai ko Maraɗi da suka ce za su biya maka kuɗin shiga ɗakin motsa jiki, ban hana ba. Ka je da wuri a rana ta farko, ka gaya wa malamin cututtukanka da magungunan da kake sha. In bai saurara ba, ko ya sa ka tsalle da gudu tare da samari tun ranar farko, ba wurinka ba ne. Ka fara da sau 2 a mako, ka huta a tsakiyar aji in ka gaji ko da sauran suna ci gaba, kuma kada ka sayi garin da ake sayarwa a gwangwani da sunan gina tsoka ba tare da ka tambayi likita ba, balle in ƙodarka tana da matsala.

A makonnin farko za ka ji tashi ya fara sauƙi tun kafin ka ga wani canji a cinyarka, domin jijiyoyi ne suke fara koyon aikin, girman tsoka sai daga baya. In ka bari, ƙarfin yana komawa a hankali cikin ƴan watanni, saboda haka a tsayar da ranakun kamar ranar kasuwa. Bayan mako 6, a sake gwajin daƙiƙa 30 a kan benci ɗaya da na farko, a rubuta sabon adadin kusa da tsohon a katinka na asibiti, ka zo da shi ran da za ka ga likita.